Cindo Mai Duba Ƙafar Fatake

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari na kan hanyar fatake, zamanin da ƙafa ce motar talaka. Sunansa Cindo, sana'arsa gyaran targaɗe da tausa. Allah Ya jiƙan mutanen da! A lokacin, ayari ba ya tashi daga zango sai Cindo ya bi 'yan dako ɗaya bayan ɗaya ya latsa musu dunduniya da agara. Wanda ya ce ƙafarsa ba za ta kai ba, madugu ba ya ɗaukarsa.

To, ku saurara. Wata shekara ya zo kan wani dattijon ɗan dako mai suna Mati. Yana latsa agararsa sai ya ji ta kumbura, da zafi kamar garwashi. Mati ya cije leɓe, ya yi ƙasa da murya.

"Cindo, don girman Allah ɗaure ta da tsumma ka ce lafiya lau. In ayarin nan ya bar ni, me iyalina za su ci?"

Cindo ya ji tausayi har cikin ransa. Amma ya san hanyar: dutse ne da daji, kuma ayari ba ya jiran gurgu.

Madugu ya ce, "Yaya, Cindo? Za ta kai?"

"Ba za ta kai ba, ranka ya daɗe."

Ayari ya tashi. Mati ya dubi Cindo ya ce, "Allah Ya isa! Mugun tsoho, mai hannu kamar muciya!"

"Na ji. Miƙo ƙafar."

Cindo ya kai shi zaurensa. Kullum safe ya gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi, ya murza da man kaɗanya tun daga dunduniya har ƙwauri, ya hana shi ɗaukar ko tulu. Hatsin rumbunsa kuwa ya raba, ya aika wa iyalin Mati. Jama'a, yana murzawa ana zaginsa! Yana murzawa ana zaginsa, shi ko sai ya ce, "Zagi dai, amma kada ka motsa."

Damina na faɗuwa Mati ya taka har masallaci ba sanda. Da aka idar ya tsaya a ƙofa yana ta sosa ƙeya.

"Cindo, ashe da na bi ayarin nan, da yanzu ungulu ta san ɗanɗanona."

"Ungulu ma tana da zaɓi," in ji Cindo. Suka tuntsire da dariya.

To 'yan'uwa, gaskiya ba a faɗinta a juya baya. Yau wani zai faɗa maka gaskiya ya kaɗe rigarsa ya wuce, wani ya yi maka ƙarya don ka so shi. Ku kuwa, in kun hana ɗan'uwanku abin da zai cutar da shi, ku zauna ku ɗauki nauyin hanin tare da shi. Allah Ya ba mu ikon yi.