Ƙafar Sarki da Matsattsakun Gobinda

An ce a zamanin da, tun ayari na shafe watanni a hanya kafin ya ga bakin teku, an yi wani Sarki da gyambo ya kama a ƙwauri. Abu ya fara kamar ƙurji, ya yi ta faɗi yana zurfi, har ya kai Sarki ba ya iya taka ƙasa. Al'adar ƙasar nan kuwa, wanda ya rasa wata gaɓa ta jikinsa ba ya zama a gadon sarauta. Saboda haka kowa a fada ya san in ƙafar nan ta tafi, sarauta ma ta tafi.

A birnin akwai makarantar magani. Wanda ya kafa ta wani tsoho ne mai suna Gobinda, mutumin ƙasar Hindu, da ya biyo fatake tun zamanin mahaifin Sarki. Ya zo da ilimin mutanensu da suke kira Ayurbeda, wanda ke cewa iska da zafi da majina su ke riƙe da jikin ɗan Adam, in ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta sami hanya. Babban ɗalibinsa Jatau shi aka naɗa Sarkin Magani, ya ware ya buɗe nasa zauren karatu. Ɗaliban Jatau haddar baitocin magani suke yi suna rangaji, rigunansu fes. Na Gobinda kuwa kullum suna tsugune a gaban miki, ko suna leƙa fitsarin majinyata a kasko.

Sarki ya sa aka kira su duka biyu. Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya buɗe wani ɗan batta, nan da nan ƙamshi ya cika fada. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan man tokar zinariya ne da dalma. In an shafa, kafin wata ya mutu fata ta rufe."

Sarki ya juya ga tsohon ya ce, "Kai fa, Malam?"

Gobinda ya ce, "Ranka ya daɗe, matsattsaku zan sa su tsotse mugun jinin, in wanke da ruwan ganye mai ɗaci, in cika ramin da zuma da man shanu. Ba zan bari ya rufe ba sai naman ya taso daga ƙasa."

Sarki ya janye ƙafarsa kamar an ɗora masa su. Ya ce, "Tir! Tsutsar fadama a jikina?"

Gobinda ya ce, "Man nan na Jatau ni na koya masa, yana cikin karatun da na samu wurin malamaina. Na daina koyar da shi domin na ga abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Amma kada Sarki ya ɗauki maganata, kada ya ɗauki tasa. Garin nan cike yake da masu irin wannan gyambo. A tara su, a raba su da ƙuri'a, rabi nawa, rabi nasa, a ga abin da ƙafafu za su nuna."

Maganar ta shiga Sarki. Ya yi umarni a yi haka, ya kuma ce wa Wazirinsa Gwadabe, "Kai ne idona. Maganin da ka zaɓa shi za a sa mini. Ƙafata tana hannunka."

To, jama'a, in da neman mai ƙyanƙyami ake yi a ƙasar nan kaf, a ƙofar Waziri Gwadabe za a tsaya. Mutum ne mai hankali da adalci, wannan ba a ja. Amma in ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryar furarsa, fura ta haramta. In bara ya yi tari a zaure, sai an share an yi turare. Ranar da aka tara masu gyambo a ƙofar fada, kowa ya sa hannu a tukunya ya zaro tsakuwa, wanda ya zaro ja a ɗaura masa jan zare a wuya ya bi Jatau, wanda ya zaro baƙa a ɗaura masa baƙin zare ya bi Gobinda. Waziri yana can nesa a kan doki, ya ja rawani ya toshe hanci, yana kallon sama. Ko fuskar mutum ɗaya bai duba ba. Jatau kuwa ya lura da haka sarai.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ƙafar Sarki na ƙara kumbura. Da lokaci ya yi, Sarki ya aika wa Waziri cewa ya gaji da jira, ya je ya gani ya kawo hukunci.

Waziri ya fara da gidan Gobinda. Tun daga zaure wari ya tare shi. Ya shiga yana tafiya a kan yatsu, ya tarar da tsohon a tsugune, ya kama wata matsattsaku da ta sha jini ta yi tiɓis, yana barbaɗa mata garin gangamau, wato kurkum, a baki. Sai ga ta tana amayar da baƙin jini a kasko, ɗalibai sun kewaye suna duba launinsa, wani har yana shinshinawa. Waziri ya juya da baya. Ya ruga bayan ɗaki ya yi ta kwara amai, har hawaye.

Da ya dawo, Gobinda bai ko yi masa sannu ba. Ya ja shi wani ɗaki ya ce, "Ga waɗanda maganina bai yi wa aiki ba, su za ka fara gani. Wannan nasa bai motsa ba. Wannan ma haka. Tabarmar can ta wani tsoho ce, ya rasu, ban kuwa san dalili ba tukuna. Sauran suna waje, mafi yawansu nama ya taso, wasu sun fara takawa."

Waziri ya ce, "Haba Malam! Wane irin mai magani ne ke fara nuna kasawarsa?"

Gobinda ya ce, "Wanda za a ba ƙafar Sarki, ranka ya daɗe."

Waziri ya fita yana tofar da yawu, yana cewa a ransa ko kare ba zai kawo gidan nan ba.

Gidan Jatau kuwa, kai ka ce ɗakin amarya. An share, an yayyafa ruwa, turaren wuta na tashi. Majinyata na zaune a jere da jan zare a wuya, kowa ya miƙe ƙafa, fata sumul, sai ɗan tabo. Ɗalibai suka tashi suka rera baitocin man zinariya da murya ɗaya. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko mutum ɗaya ba mu rasa ba." Zuciyar Waziri ta yi fari. Ya hau doki ya nufi fada, hukunci na bakinsa.

Bai kai kasuwa ba sai wata mata ta faɗo gaban dokin ta riƙe linzami. Dogarai suka yi kanta, ya hana su. Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunana Tabawa. Mijina Nomau, mai haƙar rijiya, jar tsakuwa ya zaro a gabanka. Ka gan shi a gidan Sarkin Magani?"

Waziri kuwa bai san fuskar kowa ba.

Ta ce, "Ba za ka gan shi ba. Shi da sauran masu jan zare suna bayan majema. Can aka kwashe su, don warin fatu ya rufe nasu."

Majema, inda ake jiƙa fatu su ruɓe kafin a jeme su, wuri ne da Waziri bai taɓa bi ta kusa da shi ba tun da aka haife shi. Ya so ya aiki dogari. Sai ya tuna kau da ido da toshe hanci su suka kawo shi nan. Ya sauka daga doki ya ce, "Wuce mu je."

Suka ratsa ramukan jima, ƙudaje na tashi buu, ɗoyi kamar ya kayar da mutum. A can ƙarshe akwai wata tsohuwar bukka. Tabawa ta ɗaga asabari. Subhanallahi! Mutane ne kwance a ƙasa, kowa da jan zare a wuya. Fatar gyambon ta rufe, gaskiyar Jatau ke nan, amma ta rufe ne a kan ruɓa. Ƙafafu sun kumbura sun yi sheƙi, wasu sun fashe ta gefe, mugunya na tsiyaya. Ƙafar Nomau ta yi baƙi har gwiwa. Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, da muka ce yana mana zogi, sai aka ce mun ɓata wa magani suna."

Waziri ya tsaya. Abin mamaki, amai bai zo masa ba. Ƙyamar da ta cika shi yanzu ba ta miki ba ce. Ƙyamar Jatau ce, da turarensa, da baitocinsa, da kuma shi kansa da ya zauna a kan doki yana kallon sama. Ya ce, "Tir da ni. Wallahi tir da ni."

Ya san in ya kai ƙara haka kawai, Jatau zai rantse bai san su ba, ya ce jan zare ai ko'ina ana sayarwa. Saboda haka ya yi shiri. Ya sa aka ɗauko mutanen bukka a kan gadajen kara aka ajiye su bayan fada, ya aika a kira wanzamin Sarki.

Washegari fada ta cika. Jatau ya zo da warkakkunsa, Gobinda ya zo da nasa, masu takawa da masu ɗingishi. Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na je na gani. Na Sarkin Magani duk fatarsu ta rufe." Jatau ya gyara zama yana murmushi. Waziri ya ci gaba, "Saura abu ɗaya. Ƙafar Sarki ba a yi mata ganin sama-sama. Gyambon da ya ci har ƙashi yakan bar alama a ciki. Wanzami zai tsaga tabon kowane ɗaya, mu ga irin naman da ke ƙasa."

Wanzami ya zauna ya fara wasa aska a kan fata, shuu, shuu. Warkakkun Jatau suka fara kallon juna. Da aka kama ƙafar na farko, sai ya kurma ihu, "Wayyo Allah! Ranka ya daɗe, ni ban taɓa gyambo ba! Ƙaya ce ta karce ni a gona! Riga aka ba ni da tuwo aka ce in zauna in miƙe ƙafa!" Na biyu ya ce nasa tabon ƙuna ne tun yana goye. Kafin wanzami ya ajiye aska duk sun tona.

Jatau ya fara rantse-rantse. Waziri ya ɗaga hannu, aka shigo da mutanen bukka. Ɗoyi ya cika fada, hakimai suka toshe hanci, wani ya tashi zai fita. Waziri ya daka masa tsawa, "Zauna! Kowa ya duba. Abin da na kusa sa wa Sarki ke nan."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙafar Nomau, sa'an nan ya kalli tasa. Ya ce, "Jatau, da maganinka bai yi ba ka zo ka faɗa, da ban ga laifinka ba, ga malaminka ma ya binne mutum ya faɗa. Amma ka ga yana kashe ƙafa, ka ɓoye mutane a majema, kana shirin shafa mini. Assha! Ko kallonka ba na son yi."

Nan take aka warware wa Sarkin Magani rawani. Sarki ya yanke cewa Jatau zai zauna a gidan Gobinda yana wanke mikin mutanen nan da hannunsa har na ƙarshensu ya tashi, daga nan ya bar ƙasar. Ɗalibansa su koma gaban miki su sake karatu daga farko. Ya kuma kafa doka: ba za a ƙara koyar da wani magani a makarantar ba, ko daga bakin wane malami ya fito, sai an gwada shi a fili, an kuma fara nuna waɗanda bai yi wa aiki ba.

Sa'an nan ya miƙa ƙafa ya rufe ido ya ce, "Malam, kawo tsutsotsinka."

Jinya ta yi tsawo, Sarki ya sha ɗaci ya sha zogi, amma nama ya taso daga ƙasa, ƙafa ta warke. Mutanen bukka ma Gobinda ya tsage nasu ya wanke, galibinsu suka tashi. A kan Nomau ne aka makara. Dole aka yanke ƙafar daga gwiwa, mai haƙar rijiya kuwa ba ya shiga rami da ƙafa ɗaya. Wannan abu ya tsaya wa Waziri a rai, domin ya san da ya duba fuskoki tun ranar ƙuri'a, da Jatau bai yi ƙarfin halin musanya su ba.

Ranar da Sarki ya fara fita, aka kawo masa doki, ya ce a mayar. Ya taka da ƙafarsa, Waziri na biye, suka ratsa gari har ƙofar gidan Nomau. Tabawa ta fito ta durƙusa. Nomau ya jawo sanda yana ƙoƙarin tashi ya yi gaisuwa, Sarki ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Ya ce, "Daga yau cinka da shanka da na iyalinka suna wuyana, kai ne kuma mai kula da rijiyoyin birnin nan. Kada ka ƙara tashi don ka gan ni. Ƙafar nan da nake tsaye a kanta, taka ce aka yanke na samu."

Nomau ya sunkuyar da kai yana kuka. Sarki bai zauna ba, ya tsaya a gabansa har ya gama.

Nan hikayar ta tsaya. Allah Ya raba mu da mai rufe miki a kan ruɓa.