Jirgin Jabiru da Ba a Sace Ba

Ƙawata Fatiha, ke da kike da shafi, ga wani labari da ya daɗe yana damuna. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na koya.

Akwai wani magidanci ɗan kabu-kabu a Bagudo, sunansa Jabiru. Mutum ne mai zuciya, amma ba mugu ba. Da aikin babur ya ishe shi, sai ya sayar da shi ya sayi jirgin ruwa, ya koma wani ƙauyen masunta kusa da Lolo, dab da iyakar Benin.

Wanda ya karɓe shi can wani dattijo ne Basarke, masunci na gado, Ma'azu. Shi ya koya masa tuƙi da jefa birgi, wato tarun kamun kifi. Yana kiransa "ɗan tudu", shi kuma Jabiru yana ce masa Baba.

To, akwai wani fim da mai tura fina-finai ya sa wa Jabiru a waya, na Turawa, an fassara shi da Hausa. An ce asalinsa littafin zane ne, amma ba abin yara ba ne ko kaɗan. Garin cikinsa kullum duhu da ruwan sama. Jarumin yana rufe fuska da baƙin ƙyalle, ba ya kai kowa gaban alƙali. Shi ke kamawa, shi ke yanke hukunci. Jabiru ya kalli fim ɗin nan har ya haddace maganganunsa.

Matarsa Munawwara ta taɓa leƙawa, ta kau da kai.

"Wanga mutum ko dariya bai yi. Mi ka gani gare shi?"

"Namiji ke nan," in ji Jabiru. "Bai jiran kowa."

Wata safiya cikin damina, ranar kasuwa, Jabiru ya sauka bakin gulbi ya tarar babu jirginsa. Turken na nan, an ƙulla masa ciyawa a ka. Bai kula da ciyawar ba. Wata mata mai wanki ta ce ai ta ga Ma'azu yana jan jirgin da sassafe.

Abin da Jabiru bai sani ba, masuntan wurin suna da wata al'ada tasu. In ruwa ya fara hauhawa, duk wanda ya ga jirgin ɗan'uwansa a wuri mai haɗari sai ya janye shi ba tare da ya tambaya ba, ya ƙulla ciyawa a turke. Ɗan wurin in ya gani ya san jirginsa na hannun amana. Ba wanda ya taɓa gaya wa Jabiru, don ba wanda ya tuna akwai mai bukatar a gaya masa.

Ya dawo gida. Ya ɗauko baƙar hular sanyin da yake sawa lokacin kabu-kabu, wadda ke barin idanu kaɗai, ya ɗauki igiya.

Munawwara ta tare ƙofa.

"Don Allah ka tai wurin Sarkin Ruwa. In bai yi maka ba, ga alƙali nan. Baba Ma'azu ne fa."

Ya ture ta gefe ya wuce.

Ya sami Ma'azu a rumfar kifi, kasuwa ta cika, har da mutanen tsallake. Dattijon ya gane tafiyarsa tun daga nesa, ya yi dariya.

"Ɗan tudu! Cikin zafin ga ka rufe fuska? Ko sauro ya kore ka?"

Jabiru ya warware igiyar. Ya cafke hannuwansa ya ɗaure.

"Kai, yaro, tsaya ka ji…"

"Mai laifi ba shi da magana," in ji Jabiru. Kalmar jarumin fim ɗin ce, ya faɗe ta da muryarsa ma.

Ya ja shi tun daga rumfar kifi har layin masu shinkafa yana cewa ga ɓarawon jirgi. Hular Ma'azu ta faɗi, aka tattaka. Tun da aka ce masa mai laifi ba shi da magana, dattijon bai sake buɗe baki ba.

Sarkin Ruwa Ɗanmusa ne ya zo ya kwance igiyar da hannunsa. Da ya ji ƙarar, ya dubi Jabiru ya ce, "Cire abin ga in ga da wa nike magana."

Ya cire.

"Ka ga ƙullin ciyawa a turkenka?"

"Na gani."

"To shi ne saƙonka. Biyo ni."

Suka sauka gulbi. Gaɓar da Jabiru ke ɗaure jirgi ta riga ta zabtare, ruwa na ta cin ta. Jirginsa kuwa yana can bayan gidan Ma'azu, cikin lungu mai kwanciyar ruwa, an ɗaure shi da sabuwar igiya.

Jabiru ya zauna a ƙasa. An ce har la'asar bai tashi ba.

Kafin ya tara ƙarfin zuciyar zuwa ba da haƙuri, kwana uku sun wuce. Ya je ya tarar da gida a rufe. Ma'azu ya kwashe iyalinsa ya haye wurin dangin matarsa a ƙasar Benin.

Jabiru ya bi shi. Ya same shi gindin bishiya yana ɗinkin taru, ya durƙusa ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ka gafarce ni."

"Na yafe maka, Jabiru, duniya da lahira."

"To ka dawo gida."

Ma'azu ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Shekara sittin ina cin kasuwar ga, ba a taɓa nuna ni da yatsa ba. Ranar, mutanen gari bakwai sun ga an ja ni da igiya. Sun koma garuruwansu da labarin. Kana iya bin su ɗaya bayan ɗaya?"

Jabiru ya gwada. Kasuwa huɗu a jere yana tsayawa a rumfar kifi, fuska buɗe, yana faɗin shi ne mai laifi. Wasu suka saurara, wasu suka ci gaba da ciniki. A ta huɗun, wani baƙo ya tambaye shi, "Wane Ma'azu? Wanda ya saci jirgi?"

Bara Allah Ya yi wa Ma'azu rasuwa can tsallake. Bai sake taka kasuwar ba.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka ji ta bakinsa. Jarumin fim in ya yi kuskure, kashe waya za ka yi ya wuce. Mutuncin ɗan Adam in ka zubar da shi gaban jama'a, ko ya yafe maka ba ka iya mayar masa da shi. Mu lura da abin da muke kallo, mu da 'ya'yanmu, kuma mu tura wa wasu ko Allah zai sa wani ya tsaya ya tambaya.

Ki sa shi a shafinki, Fatiha, na sauya sunayen. Amma don girman Allah kada ki gaya wa kowa daga wurina ya fito. Uwar Jabirun tana raye, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da iyalin dattijon.