Mai Nauyi a Ƙasa

Akwai wani tsohon mai walda da ya yi shekara arba'in yana ƙona ƙarfe a bakin titi. Yayansa makaɗin fiyano ne, ya rasu ya bar ɗa guda da tsohon fiyano na lantarki mai nauyi kamar buhun siminti. A cikin fiyanon akwai kiɗa uku da mamacin ya buga da hannunsa ya adana. Babu su a ko'ina sai a nan.

Ɗan ya gaji sana'ar, ya yi suna, ana ce masa Gayu saboda son ado. Duk ƙarshen mako mai walda yakan je ɗakinsa ya ce, "Kunna min." Ya zauna ya ji hannun yayansa, ya tashi ya tafi.

Da Gayu ya sayi sabon fiyano, sai ya ce yana neman mazauni mai hawa biyu da zai ɗauke su duka. Tsohon ya tashi. Ya koma shago ya zaɓi ƙarfe mai kauri, ya auna faɗin fiyanon yayansa, ya buɗa ƙafafun, ya sa noti biyu-biyu a kowace gaɓa. Kwana huɗu ya yi a kai. Da ya gama ya hau ya zauna daram, mazaunin bai motsa ba.

Gayu ya zo ya gani, ya tuntsire da dariya.

"Baffa, wannan ai gadon asibiti ne! Da shi zan hau dandamali? Wa ma zai ɗauka min?"

"Kai. Ba ka da hannu ne?"

"Na riga na sayi nawa. Mai sheƙi, ana naɗe shi a rataya a kafaɗa."

Ya warware ya nuna. Tsohon ya ɗora tafin hannu a hawan sama ya danna. Abin ya yi rawa.

"Ƙarfen kamar na laima. Hannuwan sama kuma roba ce ke riƙe da su. In ka ƙi ji, to ka sa mai nauyi a ƙasa. Na ubanka a ƙasa."

"Haba Baffa, ƙasa ai nan hannuna yake aiki, na sabon ne. Kai ka san ƙofa da taga, ni na san kiɗa."

Tsohon ya ja gilashin walda ya rufe idonsa, ya koma aikinsa.

Bayan sati biyu aka gayyaci Gayu taron yaye ɗalibai. Mai walda ya je ya zauna can baya. Tun daga nan ya hango fiyanon yayansa a hawan sama. Duk sanda Gayu ya buga da ƙarfi sai tsohon ya ga bakin fiyanon ya ɗan sunkuya. Ya miƙe ya ɗaga hannu, wani ya ce, "Tsoho, zauna, ka tare mana." Ya fara kutsawa gaba. Bai kai rabi ba robar ta ɓalle.

Fiyanon ya zame, ya daki bakin dandamali, ya faɗo a kan siminti. Maɓallai suka watse har ƙarƙashin kujerun ɗalibai.

Mai gyara ya buɗe cikinsa ya girgiza kai. Ya ce allon ciki ya rabe biyu, abin da ke ciki ya tafi.

Kwana uku Gayu bai fito ba. Rana ta huɗu da hantsi ya zo shago, babu ado, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baffa, ka yafe min. Mazaunin nan yana nan?"

"Yana nan."

Tsohon ya jawo shi daga lungu, ya kaɗe ƙura. Sannan ya ɗauki injin yanka ƙarfe, ya datse hawan sama, ya jefa kan tarkace. Ya tura masa sauran da ƙafa.

"Ɗauka. Ɗaya ya rage maka."

Da ƙarshen mako ya zo, ƙafar tsohon ta ɗauke shi har kwanar gidan Gayu kafin ya tuna babu sauran kiɗan da za a kunna masa. Ya ɗan tsaya, ya juya.

Darasi: Abin da zai ɗauki kaya masu daraja ana zaɓensa don ƙarfinsa, ba don sheƙi ba. In wanda ya san ƙarfe ya ce ba zai riƙe ba, ka saurara, domin wata asarar ba kai kaɗai take ci ba, kuma neman gafara ba ya dawo da ita. Ku tura wa masu raina maganar manya.