Tagar Mantau

To, Mantau dai na goye da matarsa Tabawa, sun gangaro daga dutse sun iso bakin rafi, sai suka tarar ya cika ya batse. Coci kuwa na can tsallake. Wannan fa tun zamanin kakannin kakanninmu ne, lokacin Dutsen Kanya ba kowa sai bukkarsu guda da birai.

Mantau maharbi ne, ba na wasa ba. Mantau na Tabawa, mai kibiya ɗaya, gagara damisa! An ce in ya shiga daji, kuraye ma kauce masa suke. Shi bai bar tsafin iyayensa ba, ita ce ta zama Kirista. Da ƙafafunta suka mutu, duk Lahadi shi ke goya ta ya kai ta, ya zauna a waje har a tashi.

Ran nan ta kalli ruwa ta ce, "Maigida, mu koma. Ni da coci kuma sai a sama."

"Ke dai kin cika surutu," in ji shi. Amma ya ji yadda ta rage nauyi a bayansa.

Washegari ya rataye kwari da baka a bukka, ya kama jidar duwatsu. Mutumin da ko rumbu bai taɓa ginawa ba fa! Sau uku katanga na faɗuwa. Tana daga inuwa tana tsokanarsa: "Wannan coci ne ko ramin kura?" Kafin kaka ya gama. Tarkonsa na ƙarfe ya kai wa maƙeri, aka mayar da shi ƙararrawa.

Da wani mai bishara ya hau dutsen, ya duba ginin ya ce, "Baba, ai tagar nan ta yi ƙasa, daidai gwiwa!"

"Ba ta iska ba ce, Malam. A waje nake zama, ta nan zan riƙa jin muryarta."

Lahadi tara ta yi waƙa a ciki, sannan ta rasu. Shi kuwa bai fasa zama a gindin tagar ba har ƙarshen ransa.

Mutane suka yi ta zuwa, ƙauye ya kafu. Yanzu cocin bulo ne da kwano, amma tagar na nan daidai gwiwa, kuma ko ana ruwa ba a rufe ta.

Kai fa, muryar wa za ta sa ka yi ta zama a waje haka?