Motar da Ba Ta Zamewa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sayar da kayan famfo. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wani ya tare ni a ƙofa bayan an tashi yana yi mini tambaya. Shagonsa yana bakin titi, cike da bututu da kawunan famfo da tankunan ruwa. Yana da mata da yara, yana da tsohuwar mahaifiya wadda ciwon ƙoda ya kama. Yana salla, yana sadaka, ba ya shaye-shaye, ba ya bin matan mutane. Da za a jera mutanen unguwa a ce a nuna wanda zai halaka, babu mai nuna shi.

Ciwonsa ɗaya ne, ba ya son a wuce shi. Idan ana hira, maganarsa ce ta ƙarshe. Idan kuna tafiya a ƙafa, sai ka ga kafaɗarsa ta ɗan riga taka. Abokansa suka sa masa suna Sha-gaba, su suna tsokana, shi kuma yana jin daɗin sunan har cikin ransa.

Asibitin da ake yi wa mahaifiyarsa wankin ƙoda yana da nisa, kuma duk mako sai an kai ta. Wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san yadda suke fitowa, jiki a sake, kai yana juyawa, zama ma aiki ne. Sai mutumin nan ya ce zai sayi motar da Inna za ta riƙa kwanciya a ciki. Ya sayo doguwar mota irin wadda ake ce wa wagon, wadda ake kwantar da kujerun bayanta su zama shimfiɗa. Ya sa aka ɗinka katifa daidai wurin. Kekenta na marasa lafiya yana shiga a gefe idan an naɗe shi, ƙanwarsa Auta, wadda ke jinyar tsohuwar, ita ma ta sami wurin zama kusa da kanta. Ranar da ba asibiti, ya ɗaga katifar ya zuba bututu ya kai wa masu gini.

Unguwa ta ɗauka. Iyaye mata suna nuna shi ga 'ya'yansu, suna cewa ku dubi ɗan halak. Tsohuwar ta shafa motar da hannunta, ta sa masa albarka har muryarta ta dushe.

To amma irin wannan mota ai kala-kala ce. Akwai mai sanyin hali, wadda za ta kai ka ta dawo da kai ba tare da ta tayar wa kowa hankali ba. Ya gan ta, ya wuce. Ya zaɓi mai turbo, wato wani abu da ke ɗura wa inji iska don ƙarfinsa ya ninka, kuma tayoyinta huɗu duk suna ja, ba biyu kawai ba kamar sauran motoci. Ina tambayarku, tsohuwa mai ciwon ƙoda me za ta yi da turbo?

Sai ya zama yana da ƙofa biyu da yake buɗewa. Idan dattawa suka zo ganin mota, ya zagaya ya buɗe musu baya, ya nuna katifa da matashin kai, ya sunkuyar da kai ana yi masa addu'a. Idan abokai ne, ya buɗe musu bonet su ga inji. Nan ne za ka ga idonsa ya kawo haske, bakinsa ya ƙi rufuwa. Su kuwa abokai, kun san halinsu, ba su taɓa rasa itacen da za su ƙara wa wuta ba.

Ni ma ya taɓa rage mini hanya. Muna fita babban titi ya ce, "Malam, riƙe hularka." Na ji wani fito daga cikin injin, na ji bayana ya manne da kujera, bishiyoyi suka koma layi ɗaya. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta ta, har da ta shiga kasuwa. Da muka tsaya na ce masa, "Ɗan uwa, da tsohuwa ma haka kake yi?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wannan motar ba ta zamewa. Ko a kan sabulu ne tana riƙe hanya."

Ku saurara da kyau, domin nan ne kuskuren yake, kuma akwai masu irin motar a cikinku, na ga makullai a hannu. Gaskiya ne, mota mai jan taya huɗu tana tashi a kan jiƙaƙƙen titi kamar a busasshe. Ba ta wutsil-wutsil, ba ta karkata, ba ta yi maka gargaɗi. Ƙaramar mota idan titi ya yi santsi za ta ɗan girgiza, gabanka ya faɗi, ka rage gudu. Wannan kuwa sai ta ɓoye maka santsin. Amma ranar da ka taka birki, ita da tsohuwar akwala duk ɗaya suke, kowacce a kan taya huɗu take tsayawa, ga shi ta fi ta nauyi, ga shi ta fi ta gudu. Ƙarfin da aka ƙara mata na tafiya ne, ba a ƙara mata na tsayawa ba. Mutumin nan ya san injin motarsa ciki da waje, amma bai taɓa zama ya yi wannan tunanin ba, domin tsayawa ba ta cikin abin da yake sha'awa.

Rannan da la'asar suna dawowa daga asibiti, aka tsuge da ruwa. Tsohuwar tana kwance a baya, an lulluɓe ta da bargo, Auta tana riƙe da hannunta. Wanda yake kwance ba shi da bel ɗin da zai ɗaura, wanda yake zaune a kan katifa ma haka. Shi kaɗai ne a ɗaure a kujerarsa.

Da farko yana tafiya a hankali, a ba shi wannan. Sai wata ƙaramar mota, tsohuwa, mai fenti kala biyu, ta zo ta gefensa ta wuce, ta watsa masa ruwa a gilashi. Mai motar ko kallonsa bai yi ba. Wataƙila bai ma san an yi wani mutum a wurin ba, hanyarsa kawai yake bi. Amma shi a ransa an mare shi a gaban jama'a.

Ya taka. Turbo ya yi fitonsa, motar ta miƙe ba tare da ta ko girgiza ba. Kafin ka ce me, ya bar ƙaramar motar a baya. Da ya tsaya nan da da sauƙi, amma wuce ta bai ishe shi ba, yana so ya ɓace mata gaba ɗaya don mai ita ya san shi ba sa'ansa ba ne a titi.

Tsohuwar ta ce daga baya, "Ɗan nan, a hankali, kaina yana juyawa."

Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, motar nan ba ta zamewa."

Auta ta ce, "Yaya, don Allah."

Idonsa yana kan madubi, yana duba ko ƙaramar motar ta ɓace.

Bayan wata kwana akwai babbar mota da ta lalace ta tare rabin hanya. Ya gan ta, ya taka birki da duk ƙarfinsa, birkin ya kama, tayoyin suka yi ta kokawa da ruwa, motar ta ci gaba da tafiya. Daga ƙarshe ta tsaya, amma a jikin babbar motar ta tsaya. Abin da ke baya duka ya taho gaba, katifa da keke da tsohuwa da Auta.

Ya 'yan uwa, kun san abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan? Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Bel ya riƙe shi, jakar iska ta fito ta tare masa fuska. Ya buɗe ƙofa ya fito da ƙafafunsa, ya tsaya a cikin ruwa, lafiyarsa ƙalau. Motar ta kare wanda aka saye ta dominsa.

Auta ta karye a ƙugu, har yau da sanda take tafiya. Tsohuwar ta bugu a kai. Ta yi 'yan kwanaki a asibiti tana numfashi, ba ta buɗe ido, ba ta magana. Ya durƙusa a gefen gadon yana riƙe da ƙafarta, yana cewa, "Inna, ki yafe mini. Inna, ko hannu ki motsa." Ba ta motsa ba. A haka Allah ya karɓi abarsa.

Masu ta'aziyya suka yi ta ce masa ƙaddara ce, suna zagin mai babbar mota, suna cewa ai ka yi wa tsohuwa abin da ba kowane ɗa ke yi ba. Kowace kalma tana ƙona shi, domin ya san abin da ba su sani ba. Ya daina buɗe shago da wuri, daga baya ya daina buɗewa sam. Masu gini suka koma wani wuri. Ba ya iya shiga gaban mota, ba ya iya kwana idan ana ruwa. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, yara suka fara tsoron shirunsa, daga ƙarshe ta kwashe su ta tafi gidan iyayenta. Mutumin da ba a wuce shi a tafiya, yanzu yakan zauna a bakin rufaffen shagonsa, kowa yana wuce shi.

Da abin ya ishe shi, ya je wurin Auta. Ya san ita ce take kusa da bakin tsohuwar a lokacin. Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Auta, bayan na yi mata magana, ta ƙara cewa wani abu? Ko addu'a ta yi mini? Ko sunana ta kira?"

Auta ta dube shi. Ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Ta ce, "Ta matse hannuna, ta ce, ƙyale shi, ba ya ji."

Ya zo wurina da wannan maganar. Na gaya masa abin da ya wajaba in gaya masa, cewa ƙofar tuba a buɗe take, ya yi mata addu'a, ya yi sadaka a madadinta, ya kula da ƙanwarsa, kada ya yanke ƙauna. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Malam, duk na sani. Amma ita nake so ta ce ta yafe."

Ya 'yan uwa, ba mota ce ta halaka shi ba, mota ƙarfe ce. Girman kai ne, kuma mafi munin irinsa, wanda aka naɗe a cikin aikin alheri har mai shi ya daina ganinsa. Ya so abu don kansa, ya rubuta sunan mahaifiyarsa a kai, mutane suka yaba, shi ma ya yarda da ƙaryarsa. Nawa ne a cikinmu suke cewa don iyali suke yi, alhali iyalin suna baya suna roƙon a rage gudu? Allah mai yawan gafara ne, amma haƙƙin mutum yana hannun mutum, kuma mutum yana mutuwa. Wanda uwarsa take raye, ta yi masa magana yau da safe ya share, ya tashi daga nan ya je ya same ta tun tana iya amsawa.

Allah ka nuna mana abin da ke ɓoye a zukatanmu tun kafin ya kashe wani. Allah ka ji ƙan wannan baiwa taka, ka sassauta wa ɗanta. Allah kada ka sa maganar ƙarshe da iyayenmu za su faɗa a kanmu ta zama ta ɓacin rai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda muke ɗauka a bayanmu. Amin.