Saƙon da Aku Ya Kai wa Mutane

Dalilin da ya sa aku yake maimaita maganar mutane, kunamar ruwa kuma take kwance a yashi da idanu a tsakar ka, ku matso ku ji, yara.

A da, a bakin Binuwai, aku ya fi ganye yawa. Kunamar ruwa, kifin nan mai faɗin faifai, a lokacin mulmulalliya ce, tana yawonta a sarari. Ita da aku aminai ne. Sai mutane suka zo da gatari da taru. Itacen da aku yake ƙwai a kogonsa ya zama kwalekwale, kwalekwalen kuma ya kwashe 'ya'yan kunamar ruwa.

Ta ce, "Aku, mun kusa ƙarewa. Mu ɓuya."

Ya ce, "Ɓuya ba magani ba ne. Ba su jin yarenmu ne. Zan koyo nasu, in ce su rage mana iri." Ya ɗaura mata ƙaya a wutsiya don kare kai, ya ce ta jira shi.

Aku ya tare a dangar Sarkin Ruwa Audi, rani da damina, yana murɗa harshe har harshen ya yi kanta. Ran nan ya dira tsakar gida. "Salamu alaikum!"

Kande, matar Audi, ta saki ƙwarya. "Malam, fito! Tsuntsu na sallama!"

Aka kifa masa kwando. Daga ciki ya ɗaga murya, "Ku rage mana iri!"

Aka fashe da dariya, aka watsa masa gyaɗa. "Sake faɗa!"

Audi ya shafa gemu. "Wannan ai kayan birni ne. Yana da 'yan'uwa a daji?"

Aka sa shi a keji, aka shiga daji kamun 'yan'uwansa. Kun ji garin neman gira an rasa ido. Baƙin ciki kamar ya kashe aku, amma taurin kansa ya fi kejin ƙarfi. Ya ce, "Ban dace da kalmar ba ne. Akwai wadda za su ji, sai na samo ta."

Shi ya sa har yau duk abin da kuka faɗa sai aku ya gwada shi a bakinsa. Kunamar ruwa kuwa jira ya baje ta, duban sama ya mayar mata da idanu tsakar ka. Dukansu sun yi ƙaranci, yara. Ni rabona da ganinta tun ina kamarku. In kun ji aku yana magana, kafin ku yi dariya, ku tsaya ya gama.