Yadda Kiɗan Zo Mu Taka Ya Sami Uwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta iso, Baba, mun ba ta wuri.

A garin Tudun Marke, zamanin da ake biki kwana bakwai ba mai cewa ya gaji, akwai wani tsoho mai goge, Nomau. Kiɗa ɗaya aka san shi da shi, Zo Mu Taka. In ya ja shi, har masu ciwon baya sukan sami sauƙi na ɗan lokaci.

Al'adar garin, kafin makaɗi ya ja kiɗa sai ya faɗi uban kiɗan, wato wanda ya fara shi. Shekara arba'in Nomau yana cewa, "Na kawuna Cindo ne," ana wucewa. Sai aka naɗa sabon Sarkin Makaɗa, mai son tambaya.

"Shi Cindon a ina ya samo?"

"Bai ce ba, ranka ya daɗe."

"To kiɗa marar uba ba ya shiga dandalina. Na ba ka kasuwa uku. In ba ka kawo uban ba, an binne shi ke nan."

Nomau ya koma gida. Cindo ya rasu, masu rawar farko sun rasu, gidansu ma ya zama gonar kuɓewa. Kiɗan nan kaɗai ya rage masa.

Kasuwa ta farko ya je wurin Doki, tunda da gashin wutsiyarsa ake ja. Ya kaɗa masa.

Doki ya ce, "Na kakana ne. Sukuwarsa ce sak."

"Kakan naka ya iya goge?"

"Bai samu lokaci ba."

Kasuwa ta biyu ya je wurin Guza, tunda da fatarsa ake rufe ƙwaryar gogen.

Guza ya ce, "Sannu, mai yawo da fatar dangina. Na kakana ne. Duk abin da ya fito daga gogen nan, ta bayanmu ya bi."

"Yana da rai ya yi shi, ko bayan an jeme shi?"

Guza ya tuna yana da uzuri, ya shige rami.

Kasuwa ta uku ya iske Kunkuru a bakin tsohuwar rijiya. Ya kaɗa masa.

"Sake," in ji Kunkuru. Nomau ya sake.

"Sake, yaro." Nomau, da furfurarsa, ya sake.

"Ka ji inda yake ɗan faɗuwa a taku na uku? Delu ce. Kakar Cindo. Ƙafarta ta hagu gajeriya ce. Kullum da hantsi nan take zuwa da tulu: taku, taku, dangwas. Ba ta shiga rawa, don 'yan mata na yi mata dariya. Mijinta Tunau, makaɗi ne na tsaka-tsaki, ya zauna gindin tsamiyar can yana bin tafiyarta da goge har ya kama ta. Ranar sallah ya ja. Duk garin ya rasa takun, ita kaɗai ta iya. Sai suka bi bayanta."

Nomau ya daɗe yana kallon hanyar rijiyar. Ciyawa ta cinye ta.

Ya koma dandali, jama'a sun cika. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Tunau ya ja shi, amma ba shi ya yi shi ba. Kiɗan nan uwa gare shi. Delu matarsa, mai ɗingishi."

Sarkin Makaɗa ya ce, "Gurguwa? Gurguwa za ka ba mu a matsayin asali?"

"To tashi ka taka shi ba ɗingishi, sai in binne shi da hannuna."

Sarki ya miƙe, Nomau ya ja. Taku, taku, dangwas. Sarki ya ce tsakuwa ce. Aka share. Taku, taku, dangwas. Ya ce takalmi ne. Ya tuɓe. Taku, taku, dangwas. Ya tsaya yana duban ƙafarsa ta hagu.

"Faɗi sunan da ƙarfi," in ji shi, "na baya ba su ji ba."

Shi ya sa har yau mutanen Tudun Marke, komai lafiyar ƙafarsu, in an ja Zo Mu Taka sai su ɗingisa. Su dai sun ce gwaninta ce.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ƙone, kowa ya kama gabansa.